Mai Haya a Bayan Randa

Ni ne mai kayar da bijimi da asuba,
in danne wuyansa da gwiwa, ko gezau.
Duk Bilbis an san hannuna,
duk Tawa an ci naman wuƙata.
Amma jiya da kuran ya ɗauke
na haska tocila bayan randa,
sai ga shi manne da bango,
ƙafa takwas, shiru kamar mai bin bashi.

Na ja da baya har na ture butar alwala.

Tun ina yaro abin yake.
Na farka da ƙuraje a gefen wuya,
inna ta duba, ta ce tautau ne ya bi ta kaina.
Ban gan shi ba.
Abin da ba ka gani ba shi ke girma tare da kai.

Na ɗauki takalmi. Hannu ya ƙi.
Sai Barira, ɗiyata, ƴar aji uku,
ta zo da kofin shayi da takardar da ta yago daga kayenta,
ta kife shi, ta zura takardar ta ƙasa,
tana ce masa, "Sannu malam, mu je waje."
Ta sake shi a gindin bedi.

Ta ce, "Baba, sauro yake cinye mana."
Na ce na sani.
Ta ce, "Ba wanda zai ji a mahauta."

Da safe yanarsa na nan a kusurwa,
fiffiken ƙuda ɗaya a maƙale.
Na ɗaga tsintsiya,
na tsaya,
na share ƙasa kawai.