Kan Sarki a Adakar Inna Dudu

A Jekadafari na buɗe adakar Inna Dudu:
kan sarki ɗari uku, suna ƙanshin kafur.
Na kwabo daban, na sule daban,
mai dalar gyaɗa nan, mai kan sarauniya can.

Waya ta ce in rubuta shekara, launi, lafiyarsa.
Na rubuta: haƙori ɗaya ya karye,
hatimin Bajoga ya cinye rabin fuska.

Wani daga Ikko ya taya dubu takwas,
yana tambaya, da tabo a bayansa?

Akwai.
Yawun Bappayo ne, ranar da ya aiko
cewa reluwe ta ɗauke shi aiki,
a sayo wa Dudu atamfa.

Shafin bai bar gurbin wannan ba.
Na rubuta "ɗan lahani",
na kife wayar a tabarma.