Lissafin Ƙarfe Huɗu na Asuba

Ƙarfe huɗu na asuba a Grimsby,
tanda ta yi zafi, titi bai farka ba,
iskar teku na taɓa ƙofa kamar mai bin bashi.
Ni da takardu a kan teburin kwaɓa,
gari a yatsu, biro a baki,
ina raba fam guda gida bakwai,
ya ƙi rabuwa.

A talabijin aka ɗaga jan akwati,
aka karanta kasafi, aka yi tafi.
Wai ɗan ƙwadago ba za a taɓa shi ba,
a kan mai ɗaukar aiki nauyin zai sauka.
Na dubi hannuna, tabon ƙuna har uku,
na ce, to ni wace ce?
Shekara ashirin da shida rana ba ta riske ni a gado ba,
amma a takardarsu ni ce attajirar kasuwa.

Mutum huɗu nake biya.
Tadeusz mai kwaɓa, bayansa ya fara rusunawa.
Noreen a kanta, ta san sunan kowane kare a unguwa.
Bernadette mai goge-goge, jikoki biyu a wuyanta.
Sai Callum, yaron Asabar,
yana tara kuɗin koyon mota a gwangwanin shayi.
Yanzu kowane kai da nasa ƙarin,
kafin in sayar da curi ɗaya an yi mini ƙidaya.
Ruwan da aka zuba a kan rufi,
a kan na ƙasa yake ɗigowa.

Ba na cewa kada a karɓa.
Daren da numfashin Alwyn ya sarƙe,
motar asibiti ta zo, ba wanda ya tambaye ni ko kwabo.
Na ga ma'aikaciyar jinya tana gyangyaɗi a tsaye,
na san ba iska take ci ba.
Na sani. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya,
kuma nawa cikin ya fara ƙafewa.

Mai fulawa ya ƙara, shi ma an ƙara masa.
Mai kawo madara ya sayar da motarsa ɗaya.
Shagon takalma na kusa da ni
an manne masa jarida a taga tun kaka,
kullum in na wuce sai in kau da kai
kamar wadda ta ga makara tana wucewa.

Na ɗora kwabo ashirin a kan burodi.
Dattijo Pickersgill ya zazzage aljihu a tafinsa,
ya ƙirga, ya sake ƙirgawa,
ya ce, "Glenys, yau rabi zan saya,
likita ya ce in rage."
Ni da shi mun san babu wani likita.
Na yanka masa rabin da ya fi girma,
bai ce komai ba, ni ma ban ce ba,
wuƙa ce kawai ta yi magana a kan katako.

Sunan Callum na zagaye da biro,
na goge, na sake zagayewa.
Noreen ta leƙo ta bayan kafaɗata,
ta ce, "Ɗauke Larabata, bar wa yaron Asabar ɗinsa,
dama gwiwata na neman hutawa."
Gwiwarta lafiya lau.
Kuɗin wutarta ne ba shi da lafiya,
kuma wannan ma na sani.

Ƙarfe shida saura.
Tadeusz ya jawo faranti na farko,
ƙamshi ya cika ɗaki, bai san da wani kasafi ba.
Na ninke takardu, na danne su da buhun sukari,
na ɗauki alli na gyara lambar da ke kan allo,
hannuna na rawa, bakwai ɗin ta karkace.
Wani ya riga ya tsaya a waje, hula har kunne,
yana hura hannu, yana jiran buɗewa.