Inci Saba'in da Biyar

A Alaba, a shagon Oga Obiajulu,
talabijin arba'in ne jere a bango,
kowacce da aku guda, akun nan dai,
yana karkata kai sau arba'in a lokaci ɗaya.
Oga ya ce, "Haladu, ƙirga gashinsa."
Na kai goma sha tara aka kira ni ɗaukar kaya.

Shekarata shida a nan.
Da gammo na zo, yau ina da na'urar huda bango
da ɗan ma'aunin nan mai ƙwayar ruwa a ciki,
wanda ba ya karɓar rantsuwa.

A da, tasha nawa mai saye ke tambaya.
Yanzu ko zama bai yi ba: "Tana hawa intanet?
Fo-ke ce ta gaske, ko ta jikin kwali?"
Farantai sun yi tsatsa a kan rufi,
tattabaru sun gaje su.
Ba mai jiran ƙarfe takwas kuma,
kowa so yake labari ya zo ya durƙusa masa
a sa'ar da ya ga dama.

Ran Talata aka sayi babbar,
inci saba'in da biyar, ta fi ƙofar ɗakinmu faɗi.
Daga Ojo har Lekki na rungume ta a bayan mota
kamar mai kai majinyaci asibiti,
kowane rami da bisimillarsa.
A kan gadar Eko na leƙa ruwa, toka-toka,
na ce da a allonmu yake da an yi masa shuɗi.

Gidan Madam Morenike, hawa na tara.
Huda huɗu, ƙusa huɗu, ƙwayar ruwa ta tsaya tsakiya.
Ɗanta ya fizge rimot tun ban tattara kaya ba,
ya danna, ya danna,
sai wata 'yar da'ira ta fito tana juyawa.
Tana juyawa.
Ɗigo miliyan takwas, in ji rubutun kwali,
duk sun yi tsit suna jiran data
kamar mu a Iyana-Iba in ruwa ya sauko.
A baƙin gilashin na ga wani mutum,
garin siminti a gira, rigar shago a wuya.
Ban taɓa ganinsa da girma haka ba.

Can hoto ya zo. Wata ce ke kuka a wata ƙasa,
ana ganin hawayen tun yana shawarar fitowa.
Madam ta ce kamar a taɓa.
Ta ba ni dubu biyu da ruwan sanyi.

Dare, Alaba Rago.
Mu shida kan tabarma, waya ɗaya, ta Sagiru,
gilashinta a tsage daga kusurwa zuwa kusurwa.
Karo-karo muka yi, ɗari bibbiyu,
don kashi na talatin da ɗaya ya fito.
Tsagar ta raba fuskar jarumar biyu.
Mun saba, mu ke haɗa ta da kanmu.
Sauro na cizo, janareton maƙwabci na tari,
ba wanda ya motsa.

Sai tawa 'yar ƙaramar ta yi ƙara: Gumel.
Lantana ce. Yanar idon Inna ta ƙaru,
jiya ta gai da turmi, ta zaci Baba Ilu ne a zaune.
Likita ya faɗi kuɗin aiki.
Na tsaya bakin kwata ina lissafi da yatsu:
bai kai inci goma ba
daga abin da na rataye ɗazu.

Na koma tabarma.
Sagiru ya ce, "An wuce ka, a mayar baya?"
Na ce a bari, data ce.

Gobe akwai wata, sittin da biyar, Ikeja.
Oga zai sake gaya wa mai saye
allon nan na nuna abin da ido bai taɓa gani ba.
Zan ce haka ne, Oga.
Zan kama kwalin ta inda aka zana kibiya,
in hau da shi a hankali.