Ashirin da Biyu

A Samaru nake yini da fitila,
ɗakin da babu rani babu damina,
kwalabe jere kamar teburin mai turare,
kowace da ɗan tsiron citta
yana shan romon da na dafa masa da sukari.

Uwarsu ɗaya. Ni na yanko ta,
ido guda daga saiwar da Baba Maisamari
ya ƙunso mini a ƙyalle tun daga Kachia,
shekarar da ciwo ya cinye gonarsa,
ganye ya yi rawaya, ƙasa ta yi wari.
Ya ce, "'Yata, ki haifo mini irinta sak.
Kar ki ƙara, kar ki rage."

Na ce to. Haka aikin yake a takarda:
uwa ɗaya, 'ya'ya dubu, kama ɗaya.

Yau na tsinke bakin jijiya,
na rina da jan ruwa, na danne da gilashi,
na kafa ido a madubi ina ƙirga
zaren gadon da ke kwance cikin ƙwaya.
Ashirin da biyu. Ashirin da biyu.
Kwalba ta tara ma haka.
Ta sha bakwai ta ce arba'in da huɗu.
Na murza ido, na sake. Ba ta janye ba.
Wata kuma ashirin da ɗaya da guntu,
guntun can gefe, ɗan akuyar da garke ya bari.

Uwani ta leƙo ta kafaɗata:
ko maganin tsiro ya yi yawa a romo,
ko mun daɗe muna yi musu ƙaura, kwalba zuwa kwalba,
har suka manta lissafin gida.
Oga dai zai ce a zubar.

Amma ga ta sha bakwai, ganye kauri, kore shar,
ta fi 'yan'uwanta faɗin ƙirji.
Ban san ko za ta yi yaji ba.
Ban san ko ciwon zai gan ta ya ratse ba,
ko ita zai fara kayarwa.
Madubin nan ƙirge ya iya, bai iya duba ba.

Ran Juma'a motar Kachia za ta tashi
da kwali shida na masu cika alkawari.
Ita kuwa na dasa ta a gwangwanin madara
bayan ɗakina, gindin randa.
In Baba ya tambaya zan gaya masa:
ba albasa kaɗai ke ƙin halin ruwa ba.
Ya bari kaka ta zo, mu gutsira mu ji.