Kwalba Uku a Ƙarƙashin Randa

Kwalba uku na jan ruwan inabi
Mushe Halil ya bar mini
ran da ya rufe kantin gyaɗa ya hau mota,
ladan shekara goma sha tara a madafarsa.
Na binne su cikin yashi, ƙarƙashin randa,
inda zafin Maradi ba ya miƙa hannu.

Na ce sai auren Barnaba.
Aka yi auren, na ce sai an haihu.
Aka haihu, na ce bari Marta ta warke.
Marta ba ta warke ba.

Ta farko na tono bara, daren Kirsimeti.
Toshiyar ta marmashe a yatsuna kamar ƙuliƙuli.
Na kurɓa, na furzar.
Ko tsamiyar kunu ta fi ta ladabi.
Na juye wa gindin lemo, ban gaya wa kowa ba.

Yau ba salla, ba biki, Talata ce kawai.
An ɗauke wuta tun la'asar.
Gulbi ya kawo, ana jin kwaɗi har Bagalam.
Na tono ta biyu.

Da aka rufe ta, ja ce kamar zoɓorodo,
yanzu ta koma launin tsohuwar tukunya.
Na kai hanci:
busasshen dabino,
jakar fata da ta daɗe a rataye,
ƙasar da ta sha yayyafin farko.
A harshe ba ta ɗaga murya.
Kamar tsohuwa take mai ba da labari daga kwance,
sai ka matso kusa,
kafin ka ce ta maimaita, barci ya ɗauke ta.

Malam Sha'aibu ya leƙo da butar shayinsa.
Shi da nasa, ni da nawa,
haka muke zaman benci shekara talatin.
Ya dubi kofin, ya dubi ramin da na tona,
ya ce, "Miko, ajiya ma tana da ajali."
Ya hura gawayinsa, bai ƙara ba.

Kofi na biyu bai kai na farko ba.
Iska ta riga ni, ta kwashe rabin zancen.
Na sha duk da haka, a hankali,
har ɗan lakar da ta kwanta a gindi.

Saura ɗaya.
Gobe Barnaba zai zo daga Tibiri da gyaran babur.
Na wanke kofi biyu na kife,
ɗayan na Marta ne, mai tsagin baki.
Yashin ma ban mayar ba.