Lambobi a Bango

Ban yi lakwal ba, amma bangon madafina ya iya karatu.
Da gawayi na kwafi lambar Barira ta Mirya,
na zana tulu a gefe don in gane ta.
Ta Falmata mai tattasai, ɗigon jar ƙasa.

Dā ni kaɗai ce da turmina,
ina matsar gyaɗa har kafaɗa ta yi tsami.
Ran Alhamis a Kasuwar Dole dillali ya taya man,
ko ruwan garuwa ya fi shi daraja a Damagaram.

Yanzu mu sha bakwai ne.
Kowace Laraba, jikka-jikka cikin kwanon Tsahara.
Da kwasa ta zo kaina ban sayi atamfa ba,
injin markaɗe na ɗauko,
tsoho, mai tari irin na kakana.

Jiya Kubura ta kira daga Agadas:
“Jarka ashirin, kafin Juma'a.”
Na ce to,
ban ma ƙirga hannuwana ba.
Gaban bango na tsaya, na fara daga tulu.

Damina ta matso, za a yi yaɓe.
Na ce da magini: ko'ina naka ne,
ban da wannan kusurwa.