Jan Fenti a Jikin Mangwaro

Shekara talatin da ɗaya ina sharar wannan lambu,
ni Jurandir, haihuwar bakin kogin Kapibaribe.
Ran Talata na iske an shafa wa itatuwa jan fenti,
ɗari biyu da sha huɗu, sau biyu na ƙirga,
har da tsohon mangwaron da ke bai wa 'yan karta inuwa.

Ga takarda manne a ƙofar shiga:
za a tone nan, a zuba kankare,
a yi ƙaton rami mai bango mita shida,
wai masaukin ambaliya,
wai don a ceci unguwa.

Kada wani ya koya mini ruwa.
Shekarar da kogi ya shigo Resifi babu sallama,
a kan ƙyauren ɗaki na fitar da mahaifiyata,
ruwa iya ƙirji, firji na iyo gabanmu kamar kwale-kwale.
Keken ɗinkinta ya nutse.
Hoton aurenta ya jiƙe har ya koma farar takarda.
Wanda ya ga haka ba ya wasa da zancen ruwa.

Amma akwai abin da mai tsintsiya ya sani.
In sama ta tsage, kwalta tofar da rabonta take yi,
ƙasar nan kuwa sha take.
Kwana biyu filin ƙwallo tafki ne, balbela na kiwo a bakin raga,
a na uku yara sun dawo, ƙafa duk taɓo.
Saiwoyi sun gama aikin, ba inji, ba kwangila,
ba wanda ya yi musu ko gaisuwa.

Injiniyar da ta zo da taswira Marinalva ce,
'yar Zuleide mai ruwan kwakwa.
A wannan hanyar ta koyi keke, ni na riƙe mata sirdi,
tabon gwiwarta na nan, na tabbata, cikin wandon aiki.
Ta ce, "Baba Jurandir, lissafi ba ya ƙarya,
gida dubu huɗu ne a gindin gangare."
Na ce, "Lissafin ya ƙirga abin da mangwaro ke sha?"
Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba,
ta dubi ƙasa kamar wadda kuɗinta suka faɗi a kasuwa.

Muka taru. Zuleide ta yayyaga tsohon labule,
kowace bishiya aka ɗaura mata ƙyalle da suna:
wannan ta Ivanildo, a gindinta ya nemi aure,
waccan ta yaron nan da ba ya magana sai da tsuntsaye.
Wasu maƙwabta suka riƙa tsallaka titi don kada mu haɗu.
Su ma ruwa ya ci katifunsu, ban ga laifinsu ba.
Tsoro ɗaya ne ya raba mu biyu
kamar yadda wuƙa ke raba kabewa.

Daren da za a wayi gari a zauna majalisa, sama ta ɓalle.
Da asuba na fito da sandar awona.
Sai ga fitila na yawo tsakanin itatuwa:
Marinalva, takalmin roba, ruwa iya ƙwauri,
tana soka ƙarfe a ƙasa, tana rubutu a jiƙaƙƙen littafi.
Ba mu ce wa juna uffan ba.
Na karɓi fitilar na riƙe mata
har gari ya soma wayewa.

An ɗage zama wata uku. Iya abin da muka samu ke nan.
Wai za a sake awo,
wai a duba kangon ajiye motoci da ke bayan tasha.
Jan fentin na nan, ruwan sama bai wanke shi ba.
Mangwaro dai bai iya karatu ba:
fure ya yi a makon nan,
ya zubar mini da aiki a kan benci da hanya.
Na ɗauki tsintsiya.
Kogi na can, yana kallonmu ta wutsiyar ido.
Bai yi wa kowa alkawarin komai ba,
in ban da dawowa.